Tiyatar Dodon Kunne: Yadda Take da Wanda Take Yi wa Amfani

Ciwon kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya kan huda dodon kunne, wani lokaci har ya ci ƙananan ƙasusuwa uku masu isar da sauti, sai ji ya ragu. Idan magani ya busar da kunnen amma hujin bai rufe ba, likita kan yanko tantani daga saman kunnen majiyyaci ya liƙe shi, ya gyara ƙasusuwan. Likitocin Jamus ne suka bunƙasa wannan aiki a shekarun 1950. Sai dai ba ya maganin kurumtar da lalacewar jijiya ta haifar.

A Bauchi, sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na duba masu lalurar. Jinkiri na iya kai ciwon ga ƙwaƙwalwa.