Idon da Ya Ƙi Rufuwa: Yadda "Marin Aljani" Ya Shiga Hannun Likita

A Yargoje, da ma ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari har zuwa Sabuwa, idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ba a neman dogon bayani. Sai ka ji an ce, "Aljani ne ya mare shi." Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da abin ya sama. Ta ɗebi ruwa a buta za ta kuskure baki, ruwan ya zurare ta gefe guda ya jiƙa mata zane. Masu zuwa dubiya duk bakin suke kallo suna salati. Ni kuwa idonta na hagu ne ya tsaya mini a rai: in ta yi yunƙurin rufe shi, sai ƙwayar ta haura sama, farin ya bayyana, fatar ta tsaya a rabin hanya. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙura tana shiga, hawaye yana bin kunci.

Maganin da iyayenmu suka sani shi ne tofi da rubutun sha da hayaƙi, wani lokaci a kira wanzami ya kafa ƙaho. Kuma da yawa sun warke, domin kusan bakwai cikin goma na masu wannan lalura fuskarsu kan koma daidai da kanta cikin 'yan makonni ko watanni. Wannan ne ya ƙara wa zancen mari ƙarfi. Waɗanda ido ya tafi a tsakani, sai a ce ƙaddara.

A shekarar 1821 wani likita ɗan Sikotilan, Charles Bell, ya bayyana aikin jijiyar da ke motsa fuska. Ita ce ta bakwai cikin jijiyoyi goma sha biyu masu fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare. Tana ratsa wata siririyar hanya cikin ƙashin kunne, don haka da ta kumbura sai ƙashin ya matse ta. Ita ke ɗaga gira, ita ke jan leɓe, ita ce kuma ke rufe ido. Buɗe shi aikin wata jijiyar ce daban, shi ya sa idon kan zauna a buɗe ko mutum yana barci, ya bushe, ya yi gyambo, ya rufe da fari.

Sai dai a ƙasar Hausa ba ta littafin Bell wannan sani ya iso ba. Ta gidajen masu kuturta ya shigo, wurin da mutane ke ƙyamar ko leƙawa. Wajen 1937, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangon masu kuturta na Babbar Ruga kusa da Katsina, tare da na Kano da na Amanawa a ƙasar Sakkwato. A nan ma'aikata suka riƙa ganin idon da ba ya rufuwa kullum, saboda ƙwayar kuturta tana cin jijiyar fuska, tana kuma kashe jijiyar da ke sa ido ya ji zafi. Mutum sai tsakuwa ta faɗa masa a ido bai sani ba. Ka tuna kuma wannan bawan Allah ya riga ya rasa ji a yatsunsa, da idon nan kaɗai yake gane ko garwashi ya taka. Makanta a gare shi ta fi ta kowa ciwo.

A 1943 mishan ɗin ya buɗe asibitin ido a Kano, wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA, ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh. Maganin kuturta kuwa ya tashi daga allurar man wata bishiyar Indiya mai azabar zafi, ya koma ƙwayar dafson, wadda Dokta John Lowe ya gwada bayarwa ta baki a Uzuakoli da ke kudancin Nijeriya a ƙarshen shekarun 1940. Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Cibiyar kuturta ta Saye da ke Zariya ta horar da ɗimbin ma'aikata su riƙa cewa da majiyyaci, "Rufe idonka a hankali," sannan su auna abin da ya rage a buɗe. Idan jijiyar ta mutu murus, akan ɗinke gefen fatar idon don a rage faɗinsa, ko a juyo naman tauna daga gefen kai a ɗaura shi ga fatar, har mutum ya koyi rufe ido ta hanyar cije haƙora.

Wanda tasa karkacewar ba ta kuturta ba ce, babban sauyi ya zo masa a 2007, lokacin da wani bincike a Sikotilan ya tabbatar cewa ƙwayar firedinisolon, in an fara ta cikin awa 72, tana ƙara yawan masu warkewa sarai. Kwana uku ke nan. Abin da ke damuna shi ne kwana ukun nan sukan ƙare ana hayaƙi a ɗaki, ballantana yanzu da matsalar 'yan bindiga ta sa fita daga Yargoje zuwa asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa sai an yi shahada. Ban ce a bar addu'a ba, a yi ta a kan hanya. Likita zai fara da cewa a ɗaga gira: in goshin ya tattare ta ɓangarorin biyu alhali baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to ana zargin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma wannan ba ya jiran gobe. In goshin ɓangare guda ne ya ƙi motsi, za a ba da ƙwaya, da maganin ɗigawa da rana, da man shafawa na ido da dare, a kuma nuna wa mai jinya yadda za ta sauke fatar idon majiyyacin da yatsa, ta manne ta da filasta kafin a kashe fitila.