Yaƙi da Iblis a Bayan Ganuwa

Tun a 1900, sa'ad da Bishop Tugwell da Likita Mila suka iso Kano da nufin kafa mishan, Sarki Alu ya sallame su ba tare da jinkiri ba, kuma ko bayan da Turawa suka ci birnin a 1903, hukumarsu ta ga maslaharta tana cikin nisantar da masu wa'azin Kirista daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka addinin Almasihu bai shigo Kano ta hannun 'yan mishan ba, ya biyo jirgin ƙasa ne, wanda ya iso a 1911 ɗauke da akawuna da maƙera da 'yan kasuwa daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da Saliyo, waɗanda aka yanka wa Sabon Gari wajen 1913, daura da Fagge, tsohon zangon ayarin Azbinawa.

Shi baƙo, komai ƙarfin imaninsa, yakan taso da tsoron garinsu a cikin kayansa. Akawun da albashinsa ya ƙaru yana jin idon dangi a kansa daga nesa. Matar da ta shekara biyar ba haihuwa tana zargin sammu. Wanda ciniki ya karye masa yana tuhumar maita. Majami'un da Turawa suka kafa, alhali suna karantar da cewa Shaiɗan gaskiya ne, sun ɗauki galibin waɗannan abubuwa camfi, suka bar mabiyansu da addu'ar Lahadi da maganin asibiti, wanda shi ma ya gaza ainun a lokacin annobar marisuwa ta 1918. Daga wannan giɓi ne ɗariƙun Aladura, wato masu addu'a, suka ɓullo a ƙasar Yarbawa: Kerubim da Serafim a Ikko a 1925 ƙarƙashin Moses Orimolade, sannan farkawar Joseph Babalola a Ilesha a 1930, inda jama'a suka riƙa zubar da layu da guraye suna karɓar ruwan da aka yi wa addu'a. Hanyar dogon da ta kawo baƙin farko ita ta kawo wannan aƙida Sabon Gari, da fararen rigunanta da azuminta da karatun Zabura cikin dare.

Hujjar 'yan Aladura ta nassi tana cikin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 6, inda aka siffanta mumini da mayaƙi mai sulke da garkuwa, aka kuma bayyana cewa abokin gabarsa rundunar gaibu ce, ba ɗan Adam ba. A kan wannan asasi majami'un Fentikos na baya suka yi gini, har ta kai wadda Daniel Olukoya ya kafa a Ikko a 1989, Mountain of Fire and Miracles, ta mai da addu'a tamkar filin daga, ana kwana ana tsawata wa aljanu da la'anar kakanni da babbar murya.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi, ko da yake ɓangarorin biyu, Musulmi da Kirista, ba su cika son a faɗa ba, shi ne mutumin Fagge bai taɓa jin wannan magana baƙuwa ba. Shi ma ya yi imani da aljanu da sihiri da kambun baka, yana neman tsari da tofi da rubutun sha, malamansa kuma sun daɗe suna yaƙar bori kamar yadda fastoci ke yaƙar bokayen kudu. Bilhasali a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka yi ta labarin aljana Sumbuka tana kama 'yan mata a makarantun Kano, ruƙiyya ta bunƙasa a cikin birni daidai da bunƙasar fitar da aljanu a Sabon Gari, kowa yana korar maƙiyi ɗaya da littafinsa.

Fitina takan taso ne idan lafazin yaƙi ya fito daga majami'a ko masallaci ya hau titi. A Oktoba 1982 saɓani kan ginin cocin Angalikan kusa da wani masallaci a Fagge ya jawo ƙone majami'u. A Oktoba 1991 kuwa, da aka shirya taron wa'azin Bajamushe Reinhard Bonnke, wanda ya shahara da da'awar warkarwa da karya ikon Shaiɗan, Musulmi da dama suka fahimci shelar taron a matsayin hari kan birninsu, aka yi tarzomar da ta ci rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, taron bai yiwu ba. A ganina masu shirya shi ba su auna yadda kalmominsu za su sauka a kunnen maƙwabta ba, waɗanda suka ɗauki makami kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, domin wanda aka kashe a kan titin Faransa na Sabon Gari tela ne ko mai sayar da kayan mota, ba Iblis ba.