Daina tuƙi ga mai cutar mantuwa

Daina tuƙi ga mai cutar mantuwa mataki ne da iyali kan ɗauka idan tuƙin dattijo ya zama haɗari gare shi da sauran masu bin hanya. Cutar mantuwa, wadda Hausawa ke kira gigin tsufa, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke rage tunani, gane wuri da saurin yanke shawara. Ba kowane tsoho ne ke kamuwa da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne.

Alamomi

Hannu ba ya saurin mance tuƙi. Mutum zai iya tayar da mota ya sa giya daidai, amma ya kasa ƙiyasta nisan motar da ke tahowa. Daga cikin alamomin akwai ɓata a hanyar da aka saba, taka totur maimakon birki, tsayawa a tsakiyar titi babu dalili, da yawan ƙujewar jikin mota. Abin yakan tsananta da magariba. Mai cutar sau da yawa ba ya ganin canjin, domin ita kanta cutar tana hana shi ganewa.

A Ringim da kewaye

A masarautar Ringim ta jihar Jigawa, wadda ta ƙunshi Ringim, Taura, Garki da Ɓaɓura, maganar ta fi shafar babur, wanda da shi ake zuwa gona, kasuwa, ɗaurin aure da jana'iza. Akwai kuma tsofaffin direbobin haya da ke bin hanyar Kano zuwa Haɗeja ta Gujungu. Ga irin waɗannan, ajiye makulli na nufin yankewar abin cefane, ga kuma zubewar girma a tasha.

Kunya ce ke ƙara wa lamarin nauyi. Ɗa ba ya duban mahaifinsa ya ce masa ya daina hawa babur, matar gida ma takan yi kawaici. Shi ya sa ake bi ta hannun wanda dattijon ke jin nauyinsa: yayansa, amininsa, limamin unguwa ko likita. Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a sa ɗa ko jika ya riƙa tuƙa shi, a nuna masa cewa shekarunsa sun kai a ɗauke masa wahala. Abin hawan na nan da sunansa, kuma ba a raba shi da masallaci da majalisa ba. Direban haya kuma ana iya ba wani motar yana kawo balas.

Ɓoye makulli ko cire fulogi dabara ce ta ƙarshe. Tana hana fita, amma takan jawo zargin sata a cikin gida, wanda dama yana cikin halayen cutar. Wasu gidajen sukan jingina ruɗewar ga sammu ko iska, sai ganin likita ya yi jinkiri, alhali wasu abubuwan da ke kama da mantuwa, kamar ƙarancin sinadarin B12 ko illar wani magani, ana iya magance su. Ana duba masu irin wannan larura a asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da asibitin Malam Aminu Kano.

Doka

A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga lasisin tuƙi na shekara 3 ko 5. A karkara da yawan masu babur ba su da lasisi, don haka hukuncin na komawa ga iyali. A Birtaniya wajibi ne wanda aka tabbatar yana da cutar ya sanar da hukumar lasisi ta DVLA, ita ce za ta duba ko zai ci gaba. A Japan kuwa, tun 2009 ake yi wa direbobi masu shekara 75 zuwa sama gwajin ƙwaƙwalwa kafin a sabunta musu lasisi.