Muhawarar Mitilini da Matsayin Hujja a Dimokuraɗiyya

Masana ilmin siyasa sun daɗe suna saɓani a kan abin da ke halatta hukuncin jama'a: yawan ƙuri'a kaɗai, ko kuwa hujjojin da aka baje kafin a kaɗa ta. A 1980 Joseph Bessette ya laƙaba wa ra'ayi na biyu sunan dimokuraɗiyyar shawara, Jürgen Habermas da John Rawls kuma suna cikin manyan waɗanda suka yi masa ginshiƙi. Amma batun ya girme su nesa, domin an yi ja-in-ja a kansa a Atina ta ƙasar Girka tun shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Mitilini birni ne a tsibirin Lesbos, wanda ya yi wa Atina tawaye a 428, ana tsakiyar yaƙi da Isparta. Da ya miƙa wuya, majalisar jama'ar Atina ta zauna cikin fushi, ta yanke a kashe dukkan mazajensa, a bautar da mata da yara. Nan take aka tura jirgin ruwa ya kai wa kwamanda Fakis umarni. Washegari zukata suka yi sanyi, aka sake kiran taro.

Marubucin tarihi Tusididis ya kawo jawabai biyu daga wannan zama, ko da yake shi da kansa ya bayyana cewa ma'ana yake ruwaitowa, ba lafazi ba. Abin lura shi ne, dukkan masu jawabin sun fara ne da taƙaddama a kan amfanin muhawarar kanta. Kiliyon ya zargi mutanen Atina da zama 'yan kallon gasar iya magana, masu bin daɗin baki, ya ce doka mai rauni da ta tabbata ta fi kyakkyawa wadda ake jujjuyawa. Ya kuma yi shaguɓe cewa cin hanci ne ya sa wasu ke neman a sake zama. Diyodotus ya mayar masa da cewa gaggawa da fushi su ne manyan maƙiyan shawara, kuma wanda ya jefi mai magana da zargin rashawa yana korar masu nasiha daga dandali ne, birni ya yi hasara.

Sai dai Diyodotus bai roƙi jinƙai ba. Da maslahar Atina ya kafa hujja: hukuncin kisa bai taɓa hana tawaye ba, kuma 'yan tawayen da suka san ba afuwa za su yi yaƙi har mutuwa, Atina ta gaji kufai wanda ba ya biyan haraji. Wannan wuri ne mai wuya ga mabiyan Habermas, waɗanda ke zaton muhawara takan ɗaga mutane daga son kai zuwa adalci. A nan lissafin riba ne ya ceci rayuka, da ƙyar ma, don da aka ɗaga hannuwa ɓangarorin biyu sun kusa yin kunnen doki.

Jirgi na biyu ya tashi bayan na farko ya ba shi ratar yini da dare. Matuƙansa suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da ruwan inabi da mai, suna barci bi da bi. Suka iske Fakis ya karanta umarnin farko, yana shirin zartarwa. Duk da haka an kashe mutum fiye da 1,000 da aka ɗora wa laifin tawayen, aka rushe ganuwar birnin.

Abin da ya tsirar da sauran shi ne tsarin da ya ba kowane ɗan ƙasa damar miƙewa ya yi magana (ban da mata da bayi da baƙi), ya kuma yarda majalisa ta warware abin da ta ƙulla jiya. Tsarin bai lamunce kyakkyawan sakamako ba. A 416 Atina ta kashe mazajen tsibirin Melos, ta bautar da matansu da 'ya'yansu, Tusididis kuwa bai ambaci wani zama na biyu ba.