Zangon da Yara Suka Hana Shi Tashi

A Amurka akwai wata al'ada ta hutu da iyalai ke ji da ita. Magidanci ya loda tanti da tukunyar gas da barguna a bayan mota, ya kwashi iyalinsa su je su sauka a wani fili kusa da babban dandalin wasannin yara, su yini cikin lilo da jirgin wasa, dare ya yi su kwana a ƙarƙashin tamfol. Kamfanin Disney ya san darajar wannan ciniki, domin a shekarar 1971 da ya buɗe katafaren dandalinsa na jihar Florida, a shekarar ce kuma ya buɗe filin kafa tanti na Fort Wilderness a gefensa. Mutumin Kotobabi ko Nima ko Maamobi a birnin Accra da ya ga haka a talabijin zai iya cewa abin Turawa ne, masu kuɗin da suka gaji da katifa. Amma sunan da ake kiran unguwarsa da shi ya ƙaryata shi. Zango, wanda mutanen Ghana ke rubutawa Zongo, asalinsa wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana, gari ya waye su ɗaura su wuce. Unguwannin nan jikokin masaukin kwana ɗaya ne. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, mata da yara ne suka mayar da masaukin ya zama gari, kuma yaran ne har yau ke biyan bashin sunan da bai canza ba.

Sai mu koma hanyar Gwanja ta ƙarni na 19. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato bayan ɗaukewar ruwa, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jemammun fatu da gabu, a bi ta Jega ko Yawuri a haye Kwara, a ratsa Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har a dira Salaga, garin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan cinye rabin shekara ko fiye. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba yana gaba, akwai kuma malamin da ke riƙe da lissafi da addu'a. Ana kama hanya da sassafe, kafin rana ta karya an ya da zango. Fatake ba su cika ɗaukar tanti ba, domin jaki ba shi da wurin ɗaukar abin da ba za a sayar ba. Daji ne ke ba su ɗaki. Da an sauke mangala sai kowa ya shiga da lauje da gatari, a saro rassa a kafa su a zagaye, a lanƙwaso kawunansu a ɗaure, a yanko ciyawa a lulluɓe, kafin la'asar ta yi sanyi bukkoki sun tsaya jere kamar sun shekara a wurin. A jibge kaya a tsakiya, a turke dabbobi, a hura wuta saboda kura da ɓarayi. In a hanyar dawowa ce, ga wani aikin kuma: a kwance huhun goro, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ganye, domin goro ɗaya in ya ɓaci yana iya jan ɗari. Kalmar ta shiga jinin harshen har ta zama ma'aunin nisa, a ce gari kaza zango uku ne daga nan, ta kuma zama sunan kashin shekarar makaranta. Sansanin Mango da ke arewacin Togo ma sunan masauki yake ɗauke da shi, sai dai nasa na mayaƙa ne.

Mai ja zai ce fatauci aikin maza ne, me ya kawo maganar iyali a ciki? Shaidar da ta zo mana ba ta goyi bayansa ba. Baturen nan Clapperton, da ya ci karo da wani ayari a Kaiama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobi kusan adadinsu. Hankali ma ya isa ya nuna haka. Mutum dubu ba sa wata uku a hanya ba tare da masu daka da girki ba, kuma matan ba rakiya kawai suke yi ba, suna da nasu ɗan jari, suna sayar wa 'yan ayari tuwo da fura a kowane zango. Inda mace ta yi wata shida a hanya, akwai goyo, akwai ciki. Samari kuma a nan suke koyon sana'ar, musamman a gidajen Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe cinikin goro: yaro ya fara da kora jaki da ɗebo ruwa kafin a ba shi amanar huhu ɗaya. Akwai kuma ɓangaren da ba daidai ba ne a rufe shi. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma wasu daga cikin yaran da suka kwana a bukkokin nan ba 'ya'yan kowa ba ne a ayarin, sayo su aka yi, suna ɗauke da kaya a ka, ba su san inda za a kai su ba. Duk wanda ke ba da tarihin zango da daɗin baki ya tsallake su ya rage gaskiya, domin jikokinsu na cikin mutanen zango na yau, sun zama Hausawa ta harshe da addini.

Yadda masauki ke rikiɗa ya zama gari ba wani asiri ba ne. Damina ta tare wani falke bai gama sayar da kanwarsa ba, wani matarsa ta haihu ba ta iya tafiya, wani bashinsa bai fito ba. Ayari ya tashi ya bar su. Bukkar ciyawa ba ta jure damina, sai a yi ginin ƙasa. Baɗi da ayari ya dawo, wanda ya zauna ya zama maigida: shi ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu a gaban sarkin ƙasar. Amma maigida shi kaɗai bai isa ya sa wuri ya zama gari ba, domin ɗan kasuwa yana iya rufe ƙofa ya bi riba duk inda ta koma. Abin da ke ɗaure ƙafa shi ne ranar da aka raɗa wa jariri suna a wurin, ranar da aka nemi malamin da zai buɗe makarantar allo, ranar da aka binne uwa a maƙabartar bayan gari. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma yaron da aka binne cibiyarsa a bayan ɗaki ba ya bushewa da fitowar rana. Tarihin Salaga ya nuna haka ƙarara. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, Asante suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Da a ce mutanen Salaga matafiya ne kawai, da Kano da Katsina suka nufa. Da yawansu ba su yi haka ba. Sun bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku, suka kafa sababbin zanguna da iyalansu. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934.

A Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, igiyoyi biyu ne suka haɗu. Akwai 'yan kasuwa da malamai, akwai kuma sojoji da 'yan sandan da Turawa suka ɗauka suna kiransu Hausawa ko da ba duka ne Hausawa ba, waɗanda suka yi yaƙin 1874 suka zauna bayan birnin ya zama hedikwatar mulki a 1877. Malam Nenu, Bakatsine, ya kafa zango a tsakiyar gari, inda har yau akwai layin da ake kira Zongo Lane. Da wuri ya cika kuma saɓani ya yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya samu fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango wajen 1910, ya rarraba wa mabiyansa fulotai. Nima ta biyo baya a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa, mai cinikin shanu, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao, kuma da farko makiyaya ce da ake tsayar da shanu su huta kafin a shiga da su kasuwa, wato zango a ma'anarsa ta farko. Ko tarihin attajirin Kano Alhassan Ɗantata ya ratsa ta nan, domin mahaifiyarsa Accra ta koma da zama bayan rasuwar mijinta, shi kuma ya bi sawunta yana saurayi kafin ya fara kai goro Legas ta jirgin ruwa.

Matsalar ita ce mutane sun zauna, amma hukuma ta ci gaba da kallonsu da idon masu wucewa. Nima ta cika ta batse a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da kuku da masu wanki da masu gadi da leburorin da ke aiki a barikin soja da gidajen Turawa na Cantonments, alhali tana wajen iyakar birni, sai a farkon shekarun 1950 aka shigo da ita. Kafin nan an riga an gina kowane taƙi. Maamobi ta tsiro a gefenta, cunkoson ya malala zuwa Accra New Town, wadda a da ake ce wa Lagos Town, da Kotobabi da Alajo, inda mutanen zango ke cuɗe da Ga da Ewe da Akan. A unguwannin da Turawa suka tsara wa kansu an ware filin wasa da sarari tsakanin gida da gida tun kafin a aza tubali. A nan kuwa ba wanda ya ware komai, domin wa ke ware wa masu kwana ɗaya filin wasa? Ka shiga lungu a bayan kasuwar Nima da yamma ka gani: faɗinsa bai wuce mutum biyu su gifta ba, kwata na bi ta tsakiya, mai koko da ƙosai ta kafa murhunta a kwana, yara biyar sun ajiye silifa biyu a matsayin raga, duk sanda mai baro ya taho sai wasa ya tsaya a ɗauke ƙwallo. Yaron ayari, duk da wahalarsa, ya fi jikan jikansa sararin gudu.

Akwai masu cewa laifin na mutanen zango ne: su suka riƙa kiran kansu baƙi, suna tura abin da suka samu gida, suna ƙin boko, suna cusa ɗaki a duk inda fili ya rage don kuɗin haya. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, musamman batun haya da boko. Amma a duba abin da ya faru ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, iyalai suka kwana a tashoshin mota da bakin iyaka da ƙullin kaya da jarirai, aka mayar da su zangon kwana ɗaya da ƙarfin doka. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka ba zai zuba dukiyarsa a gini mai kyau ba, balle ya bar fili fayau don yara. Ɗari-ɗarin da ake zargin mutanen zango da shi koya musu aka yi. Nijeriya ma ta rama da irin wannan kora a 1983, yaran Ghana suka kwana a tashar jirgin ruwa ta Legas.

An samu sauyi, ba a musu. Tun tsakiyar shekarun 1990, zamanin Rawlings, sallolin nan biyu suka zama ranakun hutu na ƙasa. Waken da matan zango suka dafa da shinkafa ya zama waakye a bakin kowa, tuwon zafi ya shiga kowane gidan abinci, garin Kasoa ma sunansa kasuwa ce ta Hausa. A 2017 aka kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna, aka shimfiɗa filayen ƙwallo na ciyawar roba a wasu unguwanni, ko da yake ma'aikatar ba ta wuce shekara huɗu ba. Sai dai filin ƙwallo na samari ne masu ƙungiya. Yarinya 'yar shekara shida da ƙaninta ba su da gurbi a cikinsa. Dandalin yara na Efua Sutherland, wanda aka buɗe a 1979, Shekarar Yara ta Duniya, yana can Ridge daura da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, kuma ya daɗe yana fama da rashin kulawa. Shi ya sa ranar Sallah ke da nauyin da take da shi. Bayan an sauko daga idi, uwa a Kotobabi kan cika kula da shinkafa, ta naɗe tabarma, ta haɗa nata yaran da na maƙwabta cikin sababbin ɗinkuna, a cika motar haya ta trotro a nufi dandalin ko bakin teku na Labadi. A nemi inuwa a shimfiɗa tabarma, a jibge takalma da kuloli a tsakiya, babbar ya ta zauna gadin kaya, ƙanana su watsu da gudu. Kafin magariba a kakkaɓe tabarmar a ƙirga kawuna a koma lungu, sai kuma wata Sallar.