Duwatsun Kabari da Ƙasar da Ba Ta Rubutu: Maƙabartun Tsohuwar Lakwaja

Kafin Lakwaja ta zama babban birnin Jihar Kogi a 1991, ta daɗe tana ƙaramin garin bakin ruwa a gindin Dutsen Patti, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Masu yawon buɗe ido kan nufi maƙabartun Turawa, su karanta allunan dutse, su tafi da zaton sun karanta tarihin garin. Hujjar wannan maƙala ita ce, dutsen kabari shaida ne na gaskiya, amma na ɓangare ɗaya, domin ba kowane mamaci ne al'adarsa ko aljihun danginsa suka ba shi dutse ba.

Abin da duwatsun ke faɗa yana da amfani. Suna ba da suna, da muƙami, da shekarar mutuwa, kuma mai lissafi zai ga yawancin mamatan ba su tsufa ba. Dalilin sananne ne. Ayarin Ingila na 1841, wanda Samuel Ajayi Crowther yake cikinsa, ya kafa gonar gwaji a wannan mahaɗar ruwa, zazzaɓi ya kashe Turawansa da dama, aikin ya watse. A 1854 likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ɗirka wa mutanensa kwinin, ya dawo ba tare da zazzaɓi ya ci ko ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe: Baikie ya zauna a Lakwaja, Kamfanin Neja ya sami takardar ikon mulki a 1886 ya girke sojojinsa a garin, sannan ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila a nan. 'Yan mishan, da akawunan kamfani, da hafsoshin soja, kowane rukuni ya bar sahunsa a maƙabarta. Da aka mai da hedkwatar mulkin Turawa Zungeru a 1902, garin ya fara komawa gefe.

To amma a unguwar Kabawa akwai wasu mamatan da suka fi waɗannan nauyi a tarihin Arewa. Turawa sun mai da Lakwaja wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a nan ya cika a 1907. Wanda ya gaje shi, Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma mawaƙi, an tuɓe shi bayan kusan shekara 18 a kan gado, ya rasu a nan a 1924. Sarkin Kano Alu mai Sango, wanda aka kama a 1903, aka fara kai shi Yola, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Etsu Nupe Abubakar na Bida shi ma nan aka kawo shi.

Waɗannan sun fito daga al'adar da ba ta dogara da sassaƙaƙƙen dutse ba. Malamai suna kafa hujja da hadisan da suka hana shafe kabari da yin gini a kansa, don haka kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne, sai ɗan itace ko fasasshiyar tukunya a matsayin alama. Damina kaɗan ta isa ta baje shi. Abin da ya riƙe sunayen sarakunan nan shi ne jerin sarauta da ake haddacewa a fada, da kirarin maroƙa, da zuriyar da ke zuwa ziyara daga Kano da Zariya da Bida.

Akwai kuma rukuni na uku da ya rasa dutsen, ya rasa fadar: 'yantattun bayi, da 'yan dako, da matuƙa kwalekwale, da kuratan soja, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu. Dutsen tunawa da Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke garin ya kama sunayen wasu sojojin rundunar Nijeriya, amma waɗanda suka mutu kafin 1914 ba su cikinsa.

Saboda haka mai binciken Lakwaja yana da aiki uku: ya kwafe rubutun allunan kafin ruwa da gansakuka su cinye shi, ya naɗi bayanin dattawan Kabawa, sannan ya gwada duka biyun da fayilolin lardi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna.