Haƙƙin Ma'aikaci a Togo Idan Kamfani Ya Rage Ma'aikata

A yankinmu, daga Pagala zuwa Sakwade har Dapaong, gidaje da yawa da auduga suke ci: wasu a gona, wasu a masana'antun gurzar auduga na Blitta da Kara da Dapaong. Wannan harka ta sha garambawul. A 2009 gwamnati ta rushe kamfanin SOTOCO, aka kafa NSCT a madadinsa. A 2020 kuma kamfanin Olam ya sayi kashi 51 cikin ɗari na NSCT. Duk lokacin da kamfani ya canja hannu, hankalin ma'aikaci kan tashi. To, idan sallama ta zo, me hukuma ta tanada mana?

Mu fara da sanin cewa a Togo babu albashin zaman jiran aiki irin wanda ake biya duk wata a Faransa. Taimakon gwamnati yana cikin doka ne, da kuma ofisoshin da ke tsare ta.

Na farko, dokar ƙwadago ta 2021 ta ware sallama saboda matsin tattalin arziki daban da kora saboda laifi. Mai kamfani ba ya yanke hukunci shi kaɗai; sai ya tuntuɓi wakilan ma'aikata, ya kuma sanar da sufeton ƙwadago.

Na biyu, kuɗin sallama. Yarjejeniyar ma'aikata da masu kamfanoni ta 2011 ta sa ana lissafa shi da matsakaicin albashin wata: kashi 35 cikin ɗari a kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 40 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 45 a abin da ya haura. Misali, mai albashin sefa 100,000 da ya shekara 12 yana aiki zai karɓi 175,000 da 200,000 da 90,000, wato 465,000. Wannan ban da kuɗin wa'adin sanarwa da na hutun da bai ci ba.

Na uku, asusun CNSS. Abin da aka yanka a albashi ba ya ɓata don aiki ya ƙare. Watannin suna nan a lissafi, kuma ana buƙatar wata 180 kafin a sami fansho na tsufa.

Na huɗu, hukumar ANPE tana yi wa masu neman aiki rajista, tana kuma ba da horo ga mai son kama sana'a.

Inda muka fi yin asara shi ne wajen takarda. Mu adana kwangilar aiki da takardun albashi da lambar CNSS, mu karɓi takardar shaidar aiki ranar barin kamfani. Kada mu sa hannu a abin da ba a karanta mana ba. Idan lissafi bai cika ba, a kai ƙara wurin sufeton ƙwadago don sulhu. In ya gagara, sai kotun ƙwadago.

Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya sa mata albarka.